Mamarin Kifin Shak a Tanjung Luar

Harkar yadi ce ta kai ni Jakarta, babban birnin Indunusiya, kamar yadda take kai 'yan kasuwarmu da dama zuwa kasuwar Tanah Abang, amma ɗaurin aure ne ya ƙarasa da ni tsibirin Lombok da ke gabas da Bali. Wani abokin cinikina ɗan asalin can ne ya gayyace ni bikin ƙanensa, na kuwa ga bai kyautu in ƙi amsa gayyatar mutumin da muka daɗe muna ma'amala cikin amana ba. Daga filin jirgin sama na Praya muka nufi gabas a mota, gonakin shinkafa da na taba a dama da hagu, dutsen Rinjani mai tsayin mita 3,726 yana leƙowa daga arewa duk sa'ad da gajimare ya yaye. Akasarin mutanen tsibirin 'yan ƙabilar Sasak ne, Musulmi, kuma ba banza ake yi wa Lombok kirari da tsibirin masallatai dubu ba, domin kafin ka bar hasumiya ɗaya a baya ka riga ka hango wata a gaba.

Bayan an watse daga biki, wani ɗan yayar ango, matashi da ya yi karatu a makarantun ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Wathan a garin Pancor, ya zama tafintana, saboda yana jin Larabci sosai, da shi kuma muka riƙa magana. Da ya ji cewa a Yawuri na tashi, a bakin kogin Kwara cikin masunta, sai ya ce: "Kawu, ashe kuwa akwai wurin da ya kamata ka gani kafin ka koma gida." Wurin shi ne Tanjung Luar, garin masunta a gundumar Keruak ta Lombok ta Gabas, wanda ke fuskantar mashigin ruwa na Alas da ya raba Lombok da tsibirin Sumbawa. Garin ya yi suna a matsayin ɗaya daga cikin manyan wuraren sauke kifin shak, wato babban kifin teku mai kaifin haƙora, a ƙasar, ita kuwa Indunusiya, bisa ƙididdigar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta daɗe tana gaba da kowace ƙasa wajen kama shak da danginsa, abin da ya kai kimanin tan 100,000 a shekara.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, muka isa bakin ruwa gari yana fara wayewa. Gefen farko na kasuwar na mata ne, suna zaune da robobi cike da ƙananan kifaye, ana ta ciniki da ɗaga murya. Can ƙarshe, a wata buɗaɗɗiyar rumfa mai daɓen siminti, nan ne ake gwanjon shak. Manyan jiragen suna tsayawa ne ɗan nesa da gaɓa, ƙananan kwalekwale su yi jigilar kifin zuwa tudu, daga nan majiya ƙarfi biyu su rataye shi a sandar gora, su saɓa a kafaɗa, su taho da shi da sassarfa, bindinsa yana jan ƙasa. Ana jera su a daɓe gwargwadon girma da iri. Kafin ka ƙarasa rumfar hancinka ya riga ya gaya maka inda ka nufa, domin shak yana tara wani sinadari a jini da nama wanda, idan ya mutu ya ɗan jima, yake juyewa ya zama zarni mai hawa kai.

Mafi yawa a jerin shi ne wanda mutanen wurin ke kira kejen, siriri mai santsin fata, launinsa toka-toka. Akwai mai zane a gadon baya kamar damisa, akwai mai doguwar wutsiya wadda ta kusa kai tsawon sauran jikinsa, sannan ga mai kan guduma, wanda kansa ya baje dama da hagu, ido ɗaya a kowane ƙarshe. Dukkansu an kawo su ne gaba ɗaya, da fukafukansu a jiki. Wannan ya kamata a faɗe shi, domin abin da aka fi yayatawa game da wannan sana'a shi ne a yanke fiffike a kan ruwa a jefar da kifin yana da rai, ana kuwa yin hakan a wasu wurare, amma ba shi na gani a Tanjung Luar ba. Dillalai 'yan kaɗan suka kewaye jerin, suna taɓa fukafukai da ƙafa, suna auna su da ido, mai gwanjo yana kiran farashi, cikin ɗan lokaci aka sallama kayan jirgi guda a dunƙule.

Daga nan aiki ya koma hannun mahauta, na kuwa daɗe a tsaye ina kallon wani dattijo daga cikinsu. Da yanka huɗu ya cire abin da ya fi tsada: fiffiken gadon baya, biyu na ƙirji, da reshen ƙasa na wutsiya. Ya ajiye su gefe ɗaya a cikin kwando, inda yaron dillali ke tsaye yana gadi. Sannan ya tsaga ciki ya zaro hanta, wadda girmanta ya ba ni mamaki, ya jefa a bokiti don a soye ta a fitar da mai. Ya feɗe fata, wadda za a kankare a shanya a soya ta zama abin taunawa da ake ci da shinkafa. Naman aka yayyanka, wani za a yi bandarsa, wani a zuba masa gishiri, wani a yi tsire da shi a sayar a ƙauyukan Lombok, inda yake daga cikin nama mafi araha ga talaka. Guringuntsin baya ana busar da shi don masu haɗa magunguna, haƙora da muƙamuƙi kuma su tafi shagunan tsaraba. Da ya gama, abin da ya rage a daɓe bai wuce jini da ruwa ba.

Sai aka jawo masa wata mace mai kan guduma, tsawonta ya fi na mutum biyu idan an haɗa kafaɗa da ƙafa. Yana tsaga cikinta sai ga 'ya'ya suna sulalowa, kowanne da ɗan kan gudumarsa cikakke, da idanu, da fukafukai, tsawonsu kamar kamu ɗaya. Na ƙirga har na wuce ashirin. Wata mata ta tattara su a roba, su ma na sayarwa ne. Babu wanda ya tsaya kallo sai ni, ban kuma ga laifinsu ba, domin abin da ido ke gani kullum ba ya tsayar da ƙafa. Amma a nan ne na fahimci dukan al'amarin. Yawancin kifayen da muka sani ƙwai suke zubawa, wasu dubbai, wasu kamar kifin tuna miliyoyi, shi ya sa ko an kwashe su sukan farfaɗo idan an ɗan saurara musu. Irin waɗannan shak kuwa haihuwa suke yi. Kejen tana ɗaukar ciki na kimanin wata 12, ta haifi 'ya'yan da ba su cika wuce goma sha 'yan kai ba, su kuma 'ya'yan sai sun shekara da yawa kafin su isa haihuwa. Akwai ma wani iri da sai ya kai wajen shekara 20 kafin ya balaga. Halittar da ke yaɗuwa a hankali haka ba za ta iya jure ƙugiya ɗari-ɗari kowane dare ba, ko da kuwa ba a zubar da ko ƙwayar namanta ba.

Na nemi in ga kayan aikin da idona, sai tafintana ya samo mana kwalekwale mai inji zuwa Gili Maringkik, wani ɗan tsibiri da ke kusa, inda da yawa daga cikin masuntan shak ke zaune. Mutanensa haɗin gambiza ne na Bugis da Mandar da Bajo da Sasak, zuriyar matuƙan ruwa da suka taho daga Sulawesi da sauran tsibirai tun zamanin kakanni. Gidajensu na katako ne a kan dirkoki, mata suna saƙa a ƙarƙashi, fukafukan shak kuma a shanye bisa gadajen gora a rana. Babu gonar kirki a tsibirin, ko ruwan sha ma abin tattali ne. Wani dattijo Alhaji, wanda ya yi shekaru yana jan ragamar jirgi kafin ya bar wa 'ya'yansa, ya karɓe mu da shayi, da ya ji daga Najeriya nake sai ya ce ya yi ɗawafi kafaɗa da kafaɗa da mutanenmu a Makka.

Ya sa aka fito da kwandunan igiya. Duk wanda ya ga mamarin masuntan Yawuri ko na tafkin Chadi zai gane abin nan take: uwar igiya doguwa, da 'yan igiyoyi suna reto daga jikinta, kowace da ƙugiya a baki. Bambancin yana ga girma. Uwar igiyar nan tana miƙewa kilomitoci a kan ruwa, ƙugiyoyin suna kai ɗaruruwa, kowace ƙugiya kaurinta ya kusa na ƙaramin yatsa, kuma tsakaninta da igiya akwai wayar ƙarfe, domin haƙoran shak suna datse roba kamar zare. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu, ya nuna mini inda haƙora suka kakkarce ƙarfen. Ana sa mata koto ne da gutsuren ɗanyen kifi mai jini, yawanci daga dangin tuna da suke kamawa a hanya.

Ya bayyana mini cewa mamarin iri biyu ne. Akwai na sama, wanda ake ɗaura wa robobi masu yawo a kan ruwa, a bar shi ya bi igiyar ruwa a wurare masu zurfi, shi ne ke kamo kejen da sauran masu yawo a sarari. Akwai kuma na ƙasa, wanda ake ɗaura wa nauyi ya kwanta a ƙasan teku kusa da gaɓa da gefen tsibirai, shi ne ke kamo mai zanen damisa da mai kan guduma da waɗanda ke kiwo a ƙasa. Ana shimfiɗa shi da yamma, a bar shi ya kwana, a fara ja da sassafe, kuma da hannu ake ja. Ya buɗe mini tafukansa in gani, duk sun yi kanta, da tabon yanka a gicciye. Mutum huɗu ko biyar ne a jirgin katako, su yi mako biyu zuwa uku ba su ga gida ba, kifin yana kwance a cikin ƙanƙara a ƙasan jirgi.

Wannan kwanan da mamari ke yi a ruwa yana da nasa sakamako. Da yawa daga cikin waɗannan kifaye sai suna iyo ruwa ke ratsa bakinsu su sami numfashi, saboda haka idan ƙugiya ta riƙe su sa'o'i da yawa sai su galabaita su mutu, mai kan guduma kuwa yana cikin waɗanda suka fi saurin mutuwa. Don haka ko doka ta ce a saki wani iri, sau da yawa gawa ake jawowa. Ƙugiya kuma ba ta tambayar wanda ya haɗiye ta: mai ciki da ƙarami da wanda aka hana kamawa duk ɗaya ne a wurinta, har kunkurun teku yakan faɗa.

Na tambaye shi: "Baba Alhaji, a ina kuke samunsu yanzu?" Ya ɗaga hannu ya nuna mashigin Alas da ke gabanmu, ya ce yana yaro a nan mahaifinsa ke shimfiɗa igiya ya dawo washegari. Yanzu kuwa sai 'ya'yansa sun yi tafiyar kwanaki, zuwa kudancin Sumbawa da Sumba cikin Tekun Indiya, ko arewa wajen Sulawesi, kuma abin da suke kawowa bai kai girman na da ba. Wasu sukan matsa har kusa da iyakar ruwan Ostireliya, inda duk wanda ya ƙetare aka kama shi, hukumomin can sukan ƙwace jirgin su ƙone shi. Abin da ya faɗa da bakinsa ya zo daidai da abin da masana suka auna. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2021 ya nuna cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, wani kuma a shekarar ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan ire-irensu na cikin haɗarin ƙarewa. Shi wannan mai kan guduma da na ga an tsaga, tun 2019 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irinsa a matakin da ke dab da ɓacewa.

Da na tambayi dalilin da ya sa ba su koma wani kifin ba, sai maganar bashi ta fito. Kafin jirgi ya tashi ana bukatar man dizil mai yawa, da ƙanƙara, da shinkafa, da abin da za a bar wa iyali. Duk wannan daga hannun ubangida yake fitowa, wato mai jirgin ko dillalin da zai sayi kayan. Idan an dawo, sai a fara cire kuɗin guzuri, mai jirgi ya ɗauki kasonsa, abin da ya saura a raba wa ma'aikata. In tafiya ba ta yi kyau ba, bashin ya hau kan ta gaba. Shi ubangidan ne kuma ake zuwa wurinsa idan mata za ta haihu ko yaro ya kwanta ciwo, saboda haka barinsa ba abu ne mai sauƙi ba. Alhaji bai zagi kowa ba, ya ce dai babu wani kifi a ruwansu da ke biyan bashi da sauri kamar shak. Wanda ya gaji kuwa, hanyar da ta fi buɗe masa ita ce ya tafi Malesiya aikin gonar kwakwar manja, kamar yadda dubban matasan Lombok ta Gabas ke yi.

Fiffiken da ke shanye a bayan gidansa yana da doguwar tafiya a gaba. Daga hannun dillalin Tanjung Luar yakan wuce Surabaya a tsibirin Jawa, daga can zuwa Hong Kong, wadda ta daɗe tana riƙe da kusan rabin cinikin fiffike na duniya, ko Singafo, ko cikin ƙasar Sin. A can ake yin miyar da ake alfahari da ita a bukukuwan aure da liyafar manya. Shi fiffiken ba shi da wani ɗanɗano na kansa, romon da aka dafa shi a ciki ne ke ba da daɗi, abin da ake saya shi ne a ce an ci. A kowane hannu farashi yana ninkuwa, wanda ya ja igiya da tafinsa kuma shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta.

An yi dokoki, ba kaɗan ba. Indunusiya ta hana kama shak mafi girma, mai ɗige-ɗige, a 2013, ta hana kama kifin manta, wani mai faffaɗan jiki daga dangin shak, a 2014, a shekarar kuma ta hana fitar da mai kan guduma zuwa ƙasashen waje na wani lokaci. Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, ta sa mai kan guduma cikin waɗanda sai da izini za a fitar a taronta na Bangkok a 2013, ta ƙara kejen da mai doguwar wutsiya a Johannesburg a 2016, sannan a Panama a 2022 ta haɗa da dukan dangin da kejen ya fito daga ciki. Gwamnatin Sin ta hana miyar fiffike a liyafar hukuma a 2013. Tafintana ya ƙara mini da cewa majalisar malaman Indunusiya ta ba da fatawa a 2014 da ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke dab da ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba.

Sai dai yawancin waɗannan dokoki a tashar fitar da kaya suke tsayawa, ba sa kaiwa bakin ƙugiya. An hana fitar da mai kan guduma a 2014, amma ga shi kwance a daɓe ana gwanjonsa, domin cinikinsa a cikin gida yana tafiya, busasshen fiffike kuwa idan ya shiga buhu ya gauraya da wasu, sai ƙwararre ne zai bambance shi. Haka nan dokokin da suka tilasta a kawo kifin gaba ɗaya sun rage mugun aikin nan na yanke fiffike a jefar da sauran, amma sun buɗe wa naman kasuwa. Wani rahoton ƙungiyar kare namun daji ta WWF na 2021 ya ƙiyasta cinikin naman shak da danginsa tsakanin 2012 da 2019 a kan dala biliyan 2.6, na fiffike kuma dala biliyan 1.5. Wani bincike a mujallar Science a 2024 ya gano cewa a cikin waɗannan shekaru yawan shak da ake kashewa a shekara ya tashi daga miliyan 76 zuwa miliyan 80, kuma yayin da kisan ya ɗan ragu a tsakiyar teku, a ruwan da ke kusa da gaɓa ƙaruwa ya yi. Ruwan gaɓa kuwa nan ne matan shak ke zuwa haihuwa, nan ne ƙanana ke girma.

A ganina, duk wanda ke son kifin nan ya tsira dole ne ya zauna a tabarmar Alhaji ya yi lissafi tare da shi. Ba daidai ba ne a ɗauki hotonsa a yaɗa a duniya a matsayin azzalumi, alhali bai zubar da komai ba, kuma ba shi ya sa wa fiffike farashi ba. Haka kuma ba daidai ba ne a ce tunda talaka ne a ƙyale abin ya ci gaba yadda yake, domin ranar da kifin ya ƙare shi ne zai fara kwana da yunwa, dillalin Hong Kong kuwa ya juya wata ƙasa. Abin da zai yi aiki shi ne a taƙaita yawan jirage da yawan ƙugiyoyi, a rage tsawon lokacin da mamari ke kwana a ruwa, a rufe wuraren haihuwa a watannin haihuwa, sannan a samar wa masunta rancen da zai raba su da dogaro ga mai sayen fiffike, domin mai bashi a wuya ba ya iya bin dokar da za ta rage masa kamu.

An gwada wasu hanyoyi a wurin. Akwai ƙungiyoyin da ke hayar jiragen masuntan shak su ɗauki 'yan yawon buɗe ido zuwa wata gaɓa mai jan yashi da ke kudu da garin, su biya su ladan da zai hana su fita kamu a ranakun. Na ga irin jiragen, an yi musu fenti an sa musu rumfa. Dabara ce mai kyau, amma jirage kaɗan take ɗauka, kuma da annobar korona ta zo a 2020 baƙi suka ɗauke ƙafa, aka ga iyakarta. An kuma gwada biyan masunta kuɗi idan suka saki kifin da aka kama da rai suka ɗauki bidiyo a matsayin shaida, a nan Lombok ta Gabas da kuma lardin Aceh na tsibirin Sumatra, sakamakon ya zo a gauraye, domin wasu sun ƙara fita kamu ne don su sami abin saki.

Da muka dawo Tanjung Luar muka sake bi ta rumfar gwanjo, inda wani jirgi da ya makara ke sauke kaya. Wasu matasa biyu na tsugune a cikin jerin kifin, ɗaya da awon tela yana miƙa shi daga hanci zuwa wutsiya, ɗayan yana rubutawa a littafi. Tafintana ya ce ma'aikatan ƙididdiga ne, suna aiki tare da hukumar kifi da masu bincike, kuma kowace safiya suna nan. Na leƙa littafin: iri, tsawo, mace ko namiji, ko ta balaga, sunan jirgi, irin mamarin da aka yi amfani da shi, da yankin da aka kamo shi. Masuntan ba su hana su ba, wani ma da kansa ya juya musu wani kejen don su duba cikinsa. Na tambayi mai rubutun abin da ake yi da bayanan, ya ce da su ake gane watannin da masu ciki suka fi yawa a kamu da wuraren da ake samo ƙanana, da su kuma ake tsayar da adadin da za a yarda a kama daga kowane iri a shekara.